Ranar da Malam Mai Kalanda Ya Ɓoye Mini

Allah da ya ba mu aron Malam Mai Kalanda ya karɓi abinsa ranar Talata, sha bakwai ga watan Yuni, bayan la'asar, yana zaune a shagonsa a kan kujerar da ya saba zama. Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa ya dosa. An yi masa sutura washegari da hantsi. Ban je gidan ba, ban ga fitar gawarsa ba, ban ma san ya rasu ba sai ranar Alhamis, ga shi kuwa titi biyu ne kawai tsakanin ƙofata da tasa. Matan ajinmu na koyon karatu sun ce ni zan rubuta ta'aziyyarsa, tunda ni na fi daɗewa a hannunsa. Na karɓa. Sai dai ku yi haƙuri da ni, sai da furfura ta fara fito mini kafin na riƙe alƙalami, kuma tun a layin farko sai da na daɗe kafin na iya rubuta kwanan watan nan. Wanda ya san ni ya san dalili.

Malam, bari in yi magana da kai kamar kana ji, don haka na saba.

Shagonka ɗan tsukuku ne, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da bokitai. Tun daga bakin titi ake jin warin tawada da man inji. A ciki ga tsohon injin buga takardun nan da ake takawa da ƙafa, ga aljihunan katako jere har rufi, kowanne cike da haruffan dalma. Duk masu sana'ar sun koma kwamfuta, kai ka ƙi. Kakan ce harafin da ba ka ji nauyinsa a yatsa ba, ba ka san shi ba. Kana buga katin gayyata da rasit don abinci, amma aikin ranka kalandar nan ce ta yagewa, kowace rana falle ɗaya. A sama sunan rana da kwanan wata da manyan baƙaƙe. A ƙasa, da ƙananan haruffa, abubuwan da suka taɓa faruwa a rana irin ta yau: yaƙin da aka gama a wata ƙasa mai nisa, sarkin da ya sauka daga mulki, ranar da aka fara kunna fitilun titi a garinmu. Wasu daga tsofaffin jaridu ka tsinto su, wasu daga bakin tsofaffin da suka gani da idonsu.

Kuma a ƙarshen kowane falle kakan bar layi ɗaya ba rubutu. Na taɓa tambayarka ko haruffa ne suka ƙare maka. Ka yi dariya, ka jawo ɗan ƙarfen nan da kake jera haruffa a kai, wanda ba ya rabuwa da aljihunka, ka nuna mini wasu gutsattsarin dalma marasa harafi. Ka ce, "Wurin da kike gani fili, shi ma sai an jera shi da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Wannan layin na abin da bai riga ya faru ba ne. Ranar ba ta gama magana ba."

A lokacin ban ɗauki maganar da wani nauyi ba.

Da yamma, in ka wanke hannu, sai mu shigo, mu matan da boko ya wuce mu. Mu zauna a kan benci tsakanin tarin takardu. Ba ka taɓa sa mu sayen littafi ba. Ragowar kalandar bara da ba a sayar ba, ita ce littafinmu, ka zuba fallayen a kwando, kowa ta ɗauki nata. Ba ka tsawa, sai dai ba'a. In mai sayar da kayan miya ta karanta cewa wani sarki ya mutu shekaru ɗari da suka wuce, sai ta dafe ƙirji ta ce Allah sarki, kai kuma ka ce ta yi sauri ta je gaisuwa kada a tashi. Ni kuwa na fi kowa nauyin kai a farko. Har na yanke shawarar dainawa, na ce ƙwaƙwalwata ta bushe. Kai ne ka lura da yadda nake miƙa takarda can nesa da fuskata, ka cire tabaranka mai ɗaure da zare ka ɗora mini a hanci. Sai ga haruffa sun tsaya cak, sun daina iyo. Ka ce, "Ashe ba kan ba ne, tagogin ne suka yi datti." Washegari ka sa matarka, Goggo, ta raka ni wurin masu gwajin ido. Ban manta ba.

Wata yamma na sa hannu a kwando na ɗauko falle. Shi ne na farko da na karanta ni kaɗai tun daga sama har ƙasa, ba wanda ya ɗora ni. Sha bakwai ga Yuni. Layin farko ya ce a ranar ne jirgin ƙasa ya fara shigowa garinmu. Na yi murmushi, na ci gaba. Layi na biyu ya ce a ranar ne tsohuwar gada ta rufta da motar fasinja a cikin kogi. Layi na uku ya ce a ranar ne masaƙa ta kama da wuta, ma'aikata suna ciki.

Mahaifina yana cikin motar nan, ina yarinya. Mijina yana cikin masaƙar nan, ina goye da Auta.

Na san an yi mini rasuwa biyu, ban san rana ɗaya ce ta yi su ba. Mahaifiyata da ruwan sama take tuna abu, takan ce shekarar da kogi ya cika. Ni kuma abin da na riƙe na mijina shi ne ranar Alhamis ce, kuma ya bar rigarsa a kan igiya. Shekaru masu yawa ne a tsakani, ba wanda ya taɓa haɗa su. Sai ga su a tafin hannuna, ɗaya a kan ɗaya, kamar maƙwabta. A ƙarƙashinsu kuma ga layin nan fari, ba komai a kansa, yana kallona.

Na tuna ka miƙo hannu za ka karɓe takardar, na ƙi saki. Matan ajin suna tafa mini don na karanta ba gargada, ni kuwa kunnena ya toshe, ba abin da nake ji sai bugun agogunan maƙwabcinka ta jikin bango, kowanne da nasa lokacin.

'Ya'yana uku ne, biyu sun yi aure a garuruwa masu nisa, Auta kaɗai ta rage a gabana. Tun daga shekarar nan, in sha bakwai ga Yuni ta zo, tun magaribar jajibirinta nakan ja ƙofar ƙarfe, in sa sakata, in ɗana kwaɗo ta ciki, in rataya mabuɗin a wuyana. In rufe tagogi. In kashe wayoyi in zuba su a tukunya in rufe. Ba a kunna wuta a gidan, abincin jiya muke ci da sanyinsa. Ba mai fita, ba mai shiga, ko wa ya buga ba na buɗewa. Da watan ya kama ma nakan daina jin rediyo, in rage fita, in zauna a kan keken ɗinkina. Ranar da makarantar su Auta ta ba ta kyauta a gaban jama'a, tana kulle a ɗaki. Ranar bikin babbar ƙawarta, tana kulle a ɗaki. Tana ƙarama takan yi kuka, da ta girma ta daina, sai ta zauna a kan gado ta zuba mini ido, kuma wannan ya fi kukan ciwo.

Kai ka sa mini suna Uwar Fargaba, har ya bi ni. Amma ba ka taɓa yi mini dariya a kan wannan ranar ba. Ka sha zaunar da ni bayan an tashi aji, ka juye kwandon a kan tebur, ka ce in zaɓi kowane falle. In zaɓa, mu karanta, sai ga ambaliya, ga annoba, ga jirgin da ya nitse.

Ka ce, "Kin gani? Kowace rana da gawarta. Ki nuna mini guda ɗaya da ba a yi kuka a cikinta ba, in rufe shagon nan."

Na ce, "Waɗancan gawar mutane ce, Malam. Wannan tawa ce. Ta san hanyar gidanmu."

Ka ce, "Rana ba ta da ƙafa, Uwar Fargaba. Mai ranar ake tsoro, shi kuwa kwaɗo ba ya tare shi."

Na ce na sani. Kuma wallahi na sani. Ina salla, ina istigfari, na san babu ranar da ke kashe mutum. Amma sanin yana kaina ne, tsoron kuma yana cikina, ba su taɓa haɗuwa ba. Ranar ka daɗe kana juya ƙarfen jerinka a hannu, sannan ka ce, "Ni na koya miki karatu don ki ga hanya, sai ga shi na gina miki kurkuku." Na ce ba laifinka ba ne.

Bana Auta ta gama karatun ungozoma. Saura jarrabawar ƙarshe, wadda in ta ci za a ɗauke ta aiki a babban asibitin da ke hayin kogi. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma wanda aka kira sunansa bai zo ba, an wuce shi. Ta shigo da takardar kiran, ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa miƙo mini. Na karɓa na karanta da kaina. Sha bakwai ga Yuni, da safe, a hayin kogi. Sai ta bi ta kan gada.

Na ce ba za ta je ba.

Ta ce, "Umma, sabuwar gada ce. Tun kafin a haife ni motoci ke bi ta kai."

Na ce, "Waccan ma sabuwa ce wata rana."

Ta ce, "To in zauna ina tsinke miki zare har in tsufa?"

Na ce, "Ki tsufa ɗin nake so."

Yarinyar nan ba ta taɓa tsallake maganata ba, na kuma san ko a wannan karon ba za ta karya ƙofa ba. Za ta zauna a kan gadon nan ta zuba mini ido, shekarun karatunta su bi ruwa. Na san haka, na kuma ƙi sauya magana.

Farkon watan zazzaɓi ya kayar da ni. Na yi kwanaki ban san safe ba ban san yamma ba, Auta ke jinyata, ita ke yage fallen kalandar da ke rataye a saman kekena, wadda kai ka kawo mini da hannunka kamar kowace shekara. Da na farfaɗo, ta zauna a gefen katifa ta ce an matso da jarrabawar, an mai da ita sha shida ga wata, ranar Talata. Na ɗaga kai na dubi kalanda, na lissafa da yatsa. Talata sha shida ce, ba shakka. Na yi ta hamdala har da hawaye. Na lura ba ta dube ni ba, na ɗauka gajiya ce.

Ranar Talata na raka ta har bakin titi, na ga ta shiga mota. Gabana ya faɗi kamar kullum, amma faɗuwar yau da gobe ce, irin wadda nake yi ko shagon unguwa ta je. Na koma gida na yage falle, na karanta na sha shida: an buɗe makarantar 'yan mata, an yi kusufin rana. Ba gada, ba wuta. Da hantsi na ɗauki rigarka da na gyara wa aljihu na nufi shagonka, don in ba ka kafin in shiga kulle.

Na same ka tsaye a bakin ƙofa kana kallon titin da ya miƙe zuwa kogi. Injin a tsaye, ba ka taɓa shi ba. Kalandar da ke bangon shagonka kuma ka rataya babbar rigar aikinka a kanta, ta rufe ta ruf. Na ga haka, ban kawo komai a raina ba.

Na ce, "Malam, yau ba aiki?"

Ka ce, "Ta tafi?"

Na ce, "Ta tafi tun ɗazu. Allah ya taimake mu da suka mai da ita yau. Yau ɗin sha shida ce dai ko?"

Ka ce, "Me kalandarki ta ce?"

Na ce, "Sha shida."

Ka ce, "To ki bi kalandarki."

Ka jawo mini benci ka ce in zauna. Ka ba ni tarin fallaye ka ce in tsara maka su, aikin da na san ba ka buƙata. Ina tsarawa ina satar kallonka. Ka zauna, ka tashi, ka leƙa titi, ka dawo. Mota ta yi ƙarar birki a nesa, ka zabura har ƙarfen jerin ya faɗi ƙasa. Ka tambaye ni ko ta kira, na ce ai an hana su waya a ɗakin jarrabawa. Jim kaɗan ka sake tambaya. Fuskarka ta yi fari-fari, gumi na tsattsafo maka a goshi alhali ba zafi ake yi ba.

Na ce, "Yau kai ne Uban Fargaba, Malam."

Ka yi 'yar dariya da ba ta kai ido ba, ka ce, "Ashe haka kike ji duk shekara? Lallai kina da ƙarfi."

Maganarka ta ƙarshe ke nan da ni. Na tafi gida bayan azahar. Auta ta dawo da la'asar sakaliya, tana murmushi, ƙura a takalminta. Da magariba na ja ƙofa, na ɗana kwaɗo, na zuba wayoyi a tukunya.

Ranar Laraba kalandata ta ce sha bakwai. Muka wayi gari a kulle. Gidan ya yi irin shirun nan da yake yi a wannan ranar, hasken rana na shigowa siriri ta tsagar taga, yana kwance a ƙasa kamar zare. Da sanyin safiya aka buga ƙofa da tafin hannu, da ƙarfi, aka yi sallama. Muryar namiji ce, amma muna can ɗakin ciki, ƙofa biyu a tsakani, ban gane ta ba. Auta ta miƙe.

Na ce, "Zauna."

Ta ce, "Umma, ƙila abu ne mai muhimmanci. Ai yau ba..." Sai ta haɗiye sauran.

Na ce, "Yau ba me?"

Ta ce, "Ba komai." Ta koma ta zauna.

Mai bugun ya gaji ya tafi. Muka ci gaba da zama. Da hantsi ya ɗaga, unguwa ta yi tsit, yara suna makaranta, maza sun tafi aiki. Sai aka sake bugawa. Wannan karon ba da hannu ba. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, a hankali, ba gaggawa, can ƙasa-ƙasa. Ba sallama, ba gyaran murya. Malam, duk wanda ka taɓa kai wa kalanda gida ya san wannan bugun. Ba ka buga ƙofa da hannu, don yatsunka na tawada, da ƙarfen jerinka kake ƙwanƙwasawa.

Auta ta ce a hankali, "Malam ne."

Na ce, "Malam ya san yau ba na buɗewa. Shi ya fi kowa sani."

Na riƙe mabuɗin da ke wuyana har ya yi mini shaida a tafin hannu. Aka ɗan tsagaita, aka sake, sannan shiru. Na kasa kunne in ji takun tafiya. Ƙofarmu akwai tsakuwa a gabanta, ko kyanwa ta wuce ana ji. Ban ji komai ba. Na dubi kalanda, fallen sha bakwai yana nan, gada, masaƙa, da farin layin a ƙasa. Na juya masa baya har rana ta faɗi.

Da asubar Alhamis na yi salla, na gode wa Allah mun sake tsallakewa, na sa hannu na yage fallen. Na ƙasansa ya ce Alhamis, sha tara.

Na goge tabarau na sake dubawa. Na leƙa ƙasa ko sha takwas ta manne. Babu ita. A duk shekarun da nake yage kalandarka ban taɓa ganin kuskuren harafi ɗaya ba, balle rana sukutum. Na kira Auta. Tana ganin abin da ke hannuna ta durƙusa ta riƙe ƙafata, ta faɗa mini komai. Ina kwance da zazzaɓi ta cire kalandar ta kai maka tana kuka. Ka zauna ka sake jera fallayen kwanakin nan da hannu, sunan rana daidai, kwanan wata ka ja shi baya da ɗaya, ka buga, ka ɗinke, ka mayar yadda ba mai ganewa. Ba a matso da jarrabawa ba. Talatar nan da na raka 'yata bakin titi, na zauna a shagonka ina yi maka ba'a, ita ce sha bakwai ga Yuni. Ta haye gada, ta dawo. Ta ce da ta sauko daga mota ta biyo ta gaban shagonka, ta same ka zaune kana fuskantar titi, ta ɗaga maka hannu, ka ɗaga mata, ka jingina da kujera.

Ban san ko fushi zan yi ko dariya ba. Na ɗauki mayafi na ce sai na je na ji dalilin da dattijo kamarka zai yi wa ɗalibarsa haka. Na buɗe kwaɗo, na ja ƙofa. A kan dokin ƙofar, ga ƙarfen jerinka a ajiye.

Na sami shagon a rufe. A gidanka na ga tabarmi a shimfiɗe, da takalma birjik a bakin zaure. Goggo tana ganina ta miƙo hannu biyu. Ta ce bayan la'asar ranar Talata ta kai maka shayi, ta same ka a kujera, fuskarka na kallon titi, idonka a rufe, kamar wanda ya sauke kaya ya huta. Ta ce tun bayan azahar a ranar ka ba ta ƙarfen, ka ce in yarinyar ta dawo lafiya a ba Uwar Fargaba wannan. Ita ce ta ba ƙanenta, mai gyaran agogon nan, ta ce ya je ya sanar da ni da sassafe, ya nuna mini shi don in yarda in buɗe.

Na tambaye shi a gaban mutane. Ya ce da hannu ya buga, ya yi sallama, da ba a amsa ba ya ajiye ƙarfen a bakin ƙofa ya koma wajen wanka da likkafani. Na ce da hantsi fa? Ya ce da hantsi yana ɗauke da makara.

Auta ta ce iska ce ta riƙa kaɗa ƙarfen yana taɓa ƙofa. Goggo ta ce ƙila wani mai wucewa ne ya ɗauka ya yi wasa da shi. Ƙila haka ne. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, ina neman tsarin Allah daga faɗin abin da ban sani ba. Abin da na ji kawai na rubuta.

Da na koma gida na duba ƙarfen da kyau. Akwai layi ɗaya jere a cikinsa, an ɗaure shi da zare. Ba harafi ko ɗaya. Gutsattsarin dalman nan ne marasa rubutu, daga wannan gefe har wancan.

Malam, ba zan ɓoye maka ba, kwanakin farko na ce ranar nan ta sake ci. Ta zo ƙofata ta tarar an ɓatar da ita, ta juya ta ɗauki wanda ya ɓatar da ita. Har yanzu tunanin yakan zo mini in ina ɗinki, sai in ga na tsaya, allura a sama. Amma Goggo ta ce zuciyarka ta daɗe tana yi maka gargaɗi, likita ya sha faɗa maka ka rage aiki, kai ka hana a faɗa wa kowa. Ta ce kwanakin da ka yi kana sake jera fallayena ba ta taɓa ganinka da walwala irin haka ba, kana aiki kana waƙe-waƙe. Wa'adinka ne ya cika. Na yarda da haka da rana. Sauran kuma ina roƙon Allah ya cika mini.

Abin da na tabbata shi ne, shekara da shekaru ina ɗauke da ranar nan ni kaɗai, bana kai ka karɓe ta daga kaina ba tare da na sani ba, ka ɗauke ta tun safe har la'asar, ba ka ajiye ba sai da ka ga yarinyar a wannan hayin.

Sakamako ya fito, Auta ta ci. Wata mai kamawa za ta fara aiki, kullum sai ta haye gadar nan da safe ta dawo da yamma, har da ranar da ka sani, kuma baɗi babu mai ɓoye mini ita. Goggo ta ba ni fallen gaskiya na Talata sha bakwai, wanda ya kwana a ƙarƙashin rigar aikinka ba a yage ba. Na ajiye shi a kan keke kwana da kwanaki ina kallon farin layin. Abu biyu suka faru a ranar, layin kuwa ɗaya ne, kuma rubutuna manya-manya ne, ba zai ɗauki biyun ba. Na san wanda tsorona ke so in rubuta, don ya jeru a ƙarƙashin gada da masaƙa. Jiya bayan azahar na sa tabarau, na riƙe alƙalami yadda ka koya mini, na rubuta: Auta ta haye gada, ta dawo.

Taka rasuwar ba ta layi ɗaya ba ce, shi ya sa na kawo ta nan. Mabuɗin kwaɗon kuma na cire shi daga wuyana na ba Auta.

Ya Allah, ga bawanka ya iso gare ka, yatsunsa da tawada. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka masa shi kamar yadda ya haskaka wa tsofaffin mata takarda. Ranar da ya ɓoye mini, ni na yafe, kada ka kama shi da ita. Ka sa kowane harafi da muka karanta ta dalilinsa ya zama nauyi a ma'auninsa na alheri. Goggo, Allah ya ba ki haƙuri mai kyau, ya zama gatanki. 'Ya'yansa da jikokinsa, da ƙanenki da ya buga mini ƙofa ban buɗe ba, da matan ajinmu da benci ya yi wa faɗi, Allah ya sanyaya mana zukata baki ɗaya. Mu kuma da muka rage muna yage kwanaki, in namu fallen ya zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.